Kishiyar Roba A Cikin Kabad

 Kun saba ji daga gare ni a kan soyayya da kishi, to yau ma kishin ne, sai dai kishiyar da zan kawo muku ba ta da baki ballantana ta yi habaici, ba ta karɓar girki, amma tana iya cinye kuɗin cefane, ta cinye hirar dare, ta bar mace zaune da tagumi. Wata kishiyarta ƙwallon Turai ce, wata kuma waya. Ta gidan Yayana kuwa tubalan roba ne da fina-finan jarumai irin su Spider-Man da Batman. Na san wata za ta ce, haba, ƙato da gemunsa ne zai zauna yana wasan yara? To ki biyo ni a hankali ki ji yadda masu abin suke kallonsa, sannan ki yanke hukunci.

Tubalan da nake nufi su ne 'yan ƙananan bulon roba masu launi-launi, masu 'yan haƙora a ka, waɗanda ake danna wani a kan wani su kama gam, a gina gida ko mota ko jirgi. Sunan da ya fi shahara a cikinsu shi ne Lego. Wani kafinta ne mai suna Ole Kirk Christiansen ya faro kamfanin a garin Billund na ƙasar Denmak a 1932, da kayan wasa na katako. A 1949 suka fara na roba, a 1958 kuma aka yi rajistar samfurin da ake yi har gobe, shi ya sa bulon wancan zamani yake kama na bana daram. Masu lissafi sun gano cewa bulo shida kacal masu haƙora takwas-takwas ana iya haɗa su ta hanya fiye da miliyan 915.

Inda tubalan suka haɗu da fim shi ne kamfanin yana fitar da kwalaye na musamman masu ɗauke da jaruman da motocinsu da gidajensu. A 2023 sun fitar da dogon benen jaruman Avengers, ƙwaya 5,201 a kwali guda, a kan kusan dala 500. Ki juya wannan zuwa naira da kanki, ki gaya mini buhun gero nawa ke nan a kasuwar Babura. Saboda tsadar ne da yawa daga masu sha'awar abin a nan wajenmu suke ƙarewa a kan na kwaikwayo da ake kawowa daga Sin, ko na gwanjo da ake ƙullawa a leda, wani lokaci mutum ba kai, mota ba taya.

Shi Yayana ba da roba ya fara ba. Inna takan ba mu labari cewa tun yana firamare a nan Kazaure, da an yi girbin dawa an kawo kara gida ba a ƙara ganin keyarsa a waje. Zai zauna da reza ya feƙe ɓawon karan, ya yanyanka totuwa, ya yi ta soke-soke, kafin la'asar sai ga mota har da kujeru da sitiyari. Daga nan ya koma motar langa-langa, yana yanka tsohon silifa ya yi taya. Hannun nan ne ya kai shi ga gyaran waya da kwamfuta, sana'ar da yake ci da iyalinsa yau. Wani zuwa Kano saro kayan shago ne ya tsinci ledar tubalan nan a wajen masu gwanjo, daga ranar kuwa shi ke nan, an sosa masa inda yake yi masa ƙaiƙayi.

A zauren gidanmu abokansa suke taruwa bayan isha'i, ni ce kuma mai kai musu shayi, don haka na sha jin musunsu. A kan tubalan, kashi uku suka rabu. Akwai mai ajiya, wanda ko buɗe kwalin ba ya yi. Shi a ganinsa kwali a rufe kamar tunkiyar kiwo ce wadda ba ta cin dusa, da kamfani ya daina yin samfurin sai kuɗinsa ya tashi. Akwai mai jere, wato irin Yayana, wanda zai bi ɗan littafin da ke cikin kwalin shafi bayan shafi har ya gama, ya sa a kabad mai gilashi, kullum da safe ya goge ƙura. Sai na uku, wani malamin firamare daga Gwiwa, wanda yake ginawa sau ɗaya ya rushe, ya gina abin da ransa ya so, yau ƙofar fada, gobe A Daidaita Sahu, jibi rumbu. Yakan ce da su, "Ku dai teloli ne da ba ku iya yanka ba sai an zana muku." Su kuma su ce masa shi ɓarna kawai ya iya.

In aka gangaro kan fim kuwa, abin har da tada jijiyar wuya. Dukkan jaruman nan daga littattafan labari cikin zane na Amurka suka fito kafin a mai da su fim, kuma gida biyu ne manya. Gidan DC su ke da Superman da ya fara fitowa a 1938, da Batman a 1939. Gidan Marvel su ke da Spider-Man, wanda Stan Lee da Steve Ditko suka ƙirƙiro a 1962. Masoyan Batman suna cewa shi ne namiji, don ba ya tashi sama, ba shi da wata baiwa, ƙwaƙwalwa ce kawai da naci. Masoyan Spider-Man su ce ai wannan jarumtar mai kuɗi ce, a ƙwace masa dukiyar ubansa a ga tsiya. Nasu gwanin talaka ne, maraya, baffansa da matar baffansa suka riƙe shi, yana ceton gari amma kuɗin haya yana gagararsa. Waɗanda suka karanta littattafan su ce fim ya ɓata labari, maganar da ni ma na saba ji daga masu karatu duk lokacin da aka mai da wani littafin Hausa fim. Wasu sun fi son fassarar Hausa saboda barkwancin masu fassara, wasu su ce an mai da jarumi ɗan kama. Sau biyu kawai na ga bakinsu ya zo ɗaya. Ranar da suka kalli Avengers: Endgame na 2019, inda Iron Man ya mutu, zauren ya yi tsit kamar gidan makoki. Sai kuma Black Panther na 2018, wanda suka ce sun ga baƙar fata da sarauta da ilimi a wuri guda. Da jarumin fim ɗin, Chadwick Boseman, ya rasu a watan Agusta na 2020, har gaisuwa suka riƙa yi wa juna.

Duk wannan daɗi a zaure yake. A cikin gida labarin daban ne. Matar Yayana, wadda nake kira Anti, 'yar Roni ce, mace mai haƙuri da kawaici, 'ya'yansu biyu. Kabad ɗin da ake jeren nan a ciki ma nata ne, iyayenta suka yi mata a kayan ɗaki, a hankali aka riƙa matsar da tangaran ɗinta gefe har aka kwashe su aka sa a kwali, makulli kuma ya koma aljihun maigida. Ta yi shiru. Hirar dare ta koma zaure, ta yi shiru. Amma ana saura 'yan kwanaki ƙaramar Sallah, kuɗin ɗinkin yara ya tafi a kan wani sabon kwali, a satin nan kuma babban ɗansu, ɗan shekara biyar, ya tarar da kabad a buɗe ya ɗauki motar Batman, ta suɓuce ta tarwatse. Uban ya kwaɗa masa mari har shatin yatsu ya fito. Washegari da sassafe Anti ta goya ƙaramar, ta ja hannun babban, sai tashar motar Roni.

Sai da aka yi biko sau biyu kafin ta dawo. Daren da ta dawo Inna ta kira su ɗakinta, ni ina bakin ƙofa ina tankaɗe. Ta fara da Anti, ta ce, "'Yata, ɗaga kanki ki dubi bangon nan. Kwalla da samira da fantekar nan tun na aurena ne, wasu na ƙara daga baya, ba a taɓa zuba miya a ko ɗaya ba. Duk Sallah sai na sauke na wanke na mayar. In mijinki mahaukaci ne don ya jera abin da ba a ci a ciki, to a wurina ya gado. Kowa da kiwon da ya karɓe shi." Anti ta sunkuyar da kai tana murmushi. Yayana har ya fara gyara zama, sai Inna ta juyo kansa. "Kai kuma kada ka ga kamar na wanke ka. Jeren nan da kuɗin ƙuli-ƙulina da adashina na yi shi, ban taɓa taɓa kuɗin hatsi ba. Shekarar da mahaifinku ya kwanta ciwo, daga cikinsa na ɗiba na sayar muka ci. Ban kuma taɓa marin ɗayanku a kan kwano ba. Lokacin da kake cika mini tsakar gida da ɓawon kara, wa ya hana ka? Kai an bar ka ka gina, ɗanka kuma ka ce sai dai ya leƙa ta gilashi?" Ya ce, "Na yi kuskure Inna, a yi haƙuri." Ta ce, "Ba ni za ka ba haƙuri ba, ga ta nan."

Sharaɗi uku aka yanka a daren. Ba sayen kwali sai an gama da cefane da kuɗin makaranta da sutura. Kabad a raba biyu, sama nasa, ƙasa na tangaran, makulli a hannun mai ɗaki. Sannan a ware bokiti guda na tubalai a bar wa yara, su gina su rushe ba mai tsawa. Ba zan ce muku komai ya zama zuma ba. Har yau Anti ba ta kallon fina-finan, ta ce hayaniya ce da fashe-fashen gilashi, shi ma wani lokaci sai an aika zaure sau biyu kafin ya shigo. Amma yaron da aka mara, yanzu shi da ubansa suke baje tabarma da yamma, kuma abin dariyar shi ne bin littafi ba ya gabansa, sahun malamin Gwiwa ya bi.

Ra'ayina a nan, 'yan'uwa, tara abu ba aibu ba ne, kuma son jarumi ba yarinta ba ce. Mu da muke jera littattafan soyayya na ɗaya da na biyu da na uku a ƙarƙashin katifa, in ƙawa ta ari na biyu ta ɓatar mu yi sati ba ma gaisawa, mun san zafin abin. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Abin dubawa biyu ne kawai: da kuɗin wa ake tarawa, kuma wa aka kulle a waje? Duk sha'awar da ta ci haƙƙin iyali, ko ta sa yaro yana tsoron ɗakin uwarsa, ta tashi daga sha'awa ta zama cuta, ko ta miji ce ko ta mata.

Ga iyaye kuma, a kula. Ƙananan tubalan nan ba na yaron da bai kai shekara uku ba ne, yana iya haɗiyewa ya shaƙe, a jikin kwalin ma ana sa gargaɗin. Fina-finan kuma ba duka ne na yara ba don kawai daga zane suka fito. Akwai masu zubar da jini, akwai shigar da ba ta dace ba, don haka babba ya fara kalla kafin a miƙa wa yaro waya. A kuma gaya masa dabarar kwamfuta ce, kada ya ɗaura zanen uwarsa a wuya ya diro daga katanga.

Kada kuma mu bari yaranmu su tashi suna zaton jarumi sai a Amurka. Kafin mai gizo-gizon can, mu muna da Gizo da Ƙoƙi a bakin kakanninmu. Daga Kazaure in ka miƙi titi zuwa Daura, ga rijiyar Kusugu nan inda tarihin baka ya ce Bayajidda ya kashe macijiya. Wani ɗan Nijeriya mai suna Roye Okupe ya fitar da littafin zane mai suna Malika a 2017, wanda ya samo tushensa daga Sarauniya Amina ta Zazzau. In wani ya iya, me zai hana yaron Roni ko yarinyar Babura? Amma mai zana irin wannan ko mai gina shi ba ya fitowa daga yaron da aka saba wa kallo kawai, sai wanda aka bari hannunsa ya yi aiki tun yana ƙarami.

Wadda mijinta yake da halin sayen na roba, ta sa baki a buɗe wa yara. Wadda ba ta da hali kada ta damu, laka tana nan a bakin dam da damina, gwangwanin madara yana nan, in kaka ta yi kuma kada a tura karan duka a murhu, a ware wa yara dami guda, mata da maza. A sa ido a kan rezar, amma a bar su su ɓata tsakar gida, tsintsiya ba ta da tsada.

Masu irin wannan kishiya a gidajensu, ina jiran wasiƙunku in ji yadda kuke zama da ita. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Taku har kullum.