Neman babbar manhajar da ta san ƙ da ɗ

Kwamfutata ta haura shekara goma. A cikinta nake tara kalmomi da karin magana da nake tsintowa a bakin dattawan Damagaram, don haka hankalina ya tashi da na ji cewa daga 14 ga Oktoba 2025 an daina sabunta Windows 10, ga shi kuma Windows 11 ta fi ƙarfin tsohuwar. Kuɗin sabuwa babu. Wani abokin karatuna ya ba ni shawarar in gwada Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, kuma kowa na iya ɗauka kyauta.

Ashe Linux gida ne mai ɗakuna da yawa. Akwai Debian, dattijuwa tun 1993; akwai Ubuntu da ta fito daga tsatsonta a 2004; akwai Mint, wadda ita kuma daga Ubuntu ta tsiro; ga Fedora can a nata ɓangaren. Abin da ya kwantar mini da rai shi ne ana iya ɗora kowace a kan filashi, a kunna kwamfuta da ita, a duba ta ba tare da an taɓa abin da ke ciki ba.

Na fara da Ubuntu. Kyakkyawa ce, sai dai sauke ta ya ci mini fiye da gigabait 5, tsohuwar kuma ta riƙa nishi a ƙarƙashinta. Debian na girmama ta, na wuce. Mint mai fuskar Xfce ce ta zauna daram.

Amma ni awona ɗaya ne: haruffa masu lanƙwasa. Kalmar da aka rubuta ba lanƙwasa ta zama wata kalma. Ƙafa daban, kafa daban, haka ɓata da bata. Na yi murna da na tarar da tsarin madannai na Hausa har biyu, na Najeriya da na Ghana. Murnar ba ta daɗe ba, domin dukansu a kan QWERTY aka gina su, madannaina kuwa AZERTY ne irin na ƙasashen da ke aiki da Faransanci. In danna a, wani abu ya fito.

Kwana biyu ina fama kafin in gano maɓallin Compose. Mutum yakan buɗe ƙaramin fayil mai suna .XCompose, ya tsara da kansa abin da kowane haɗin maɓallai zai haifar. Na rubuta layi takwas: ƙ, ɗ, ɓ da ƴ, kowanne babba da ƙarami. Har da ƴ ɗin nan tamu ta Nijar, wadda a Kano ake rubutawa 'y.

Kafin in goge tsohon tsarin sai da na kwafe kundina a filashi biyu, na kai ɗaya gidan ƙanwata. Kalmar farko da na shigar a daren nan ita ce ƙyanƙyasa.