Wasiƙa Zuwa ga Zanen Ƙofar Zaurenmu

Ya kai tsohon aminina,

Sallama irin ta wanda ya yi laifi ya daɗe bai zo ban haƙuri ba. Da me zan fara? In tambaye ka lafiya, alhali da kuɗina aka sayi simintin da aka shafe gurbinka? Ko akwai ɗan abin da ya rage naka a bayan tayil ɗin nan, ko da gefen dagi ne, ko ƙafar keke ɗaya?

Kai ne mai magana da yawun gidanmu tun kafin kowa ya fito. Bangon gidan duk fili ne, makuba kawai aka shafa masa, ba ado ko kaɗan, sai a kewayen ƙofar zaure magini ya tara ka wuri guda. Baƙon da ya shigo lungunmu a birnin Zazzau ba ya buƙatar a nuna masa inda zai yi sallama, idonsa ne zai ja shi. Kafin ya tuɓe takalmi ka riga ka gaya masa ko su wane ne mu. Allo a can sama, bisa kan komai, don a san gidan karatu ne. Dagi a tsakiya. Takubba biyu a gefe da gefe, saboda kakannin da suka yi wa fada hidima. Daga ƙasa kuma keken Kaka, da ɗan jirgin saman da aka ƙara bayan ya dawo daga Makka.

Ka tuna yadda na riƙa yi maka gardama ina yaro? Yaya za a yi keke ya fi jirgin sama girma? Na ɗauka maginin ne bai iya awo ba. Sai da na girma na gane awonsa daban ne. Jirgin haya ne, an hau an sauka. Keken kuwa gumin Kaka ne, shekaru yana tara kuɗin fatauci kafin ya mallake shi, shi ya sa aka ba shi fili ya miƙe ƙafa. Allon bai kai keken faɗi ba, amma wa ya isa ya hau samansa? Da girma da ƙanƙanta, da sama da ƙasa, ka jera mana abin da gidan ya fi darajantawa, ba tare da harafi ko ɗaya ba. Tsohuwar da ba ta san boko ba tana karanta ka, almajirin da ya zo bara ma haka.

Abin da na fi kewa shi ne yadda kake wasa da rana. Babu fenti a jikinka ko ɗigo. Da yatsu aka tayar da kai tudu-tudu tun laka tana ɗanya, saboda haka inuwa ce tawadarka. Da hantsi, hasken ya bugo ka ta gefe, kowane layi ya fito ɓaro-ɓaro har kaifin takobi. Rana na take tsaka sai ka lafe, ka koma bango kawai. A nan ne muke zuwa da ƙannena mu bi zaren dagi da yatsa, yana hawa kan wani yana nutsewa ƙarƙashin wani, muna neman inda ya fara. Ba mu taɓa samu ba. A wata kusurwa akwai sawun babban yatsan maginin, ya bushe tare da kai. Ni kaɗai na san wurin. Ka san ban taɓa nuna wa kowa ba?

Ai kai ba maraya ba ne, aminina, ɗan babban gida ne. Danginka suna cikin Masallacin Juma'a na garin nan, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, a shekarun 1830. Suna Gidan Makama a Kano, suna bangayen unguwar Birni a Damagaram. Hannun da ya san ka shi ya san aska takwas a ƙirjin babbar riga, da zanen bayan ƙwarya. Dagin da ke tsakiyarka har tambarin Jihar Arewa ya zama a zamanin Sardauna, yau ga shi a jikin hula da kalanda da ƙofar ma'aikatu. Ko'ina ana ɗaga shi, mu kuwa muka kankare namu da diga.

Bari in yi maka ƙorafi ɗaya, ko zan ji sanyi. Me ya sa ka cika son kulawa haka? Kowace damina ta wuce sai an nemo magini, a jiƙa ɓawon ɗorawa a yi makuba, a gyara indararo, a toshe tsaga. Laso kuwa sai an samo katsi daga marina, da gashin jima daga majema, da dafara daga daji. Marinar unguwarmu ta mutu, majema sun watse, tsohon maginin ya kwanta dama. Me ya hana ka daure mana kaɗan? Ka ga ina neman inda zan rataya laifina. Kaka bai taɓa ganin wannan hidima nauyi ba, yana yin ta kamar yadda yake yi wa dokinsa ciyawa.

Gaskiyar ita ce kunyarka muka ji. Da bikin ƙanena ya matso aka yi taron gida, aka ce dangin amarya za su zo su tarar da gidan ƙasa. Goggo ta roƙa a bar mata ko da dagin ne. Duk aka juyo ana kallona, ni da ake ce wa ɗan boko. Ni ne fa na karanta labarin ɗaliban zane da suka kafa ƙungiya a nan Zariya a 1958, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya, masu cewa mai zane ya koma ya sha daga rijiyar gidansu. Na rubuta wannan a jarrabawa na ci. Amma ranar da kake buƙatar kalma ɗaya daga bakina, sai na sunkuyar da kai na tambayi kuɗin buhun siminti. Waya mai kyamara tana aljihuna lokacin da leburori suka kafa tsani. Me ya hana ni ɗaukar hotonka? Ina jin tsoro na ji, kada hoton ya zama shaida a kaina.

Ka yafe mini. Ka yafe wa Goggo ma, ta yi iyakar yinta, ta shige ɗaki ta rufe ƙofa har aka gama.

Yanzu ƙofarmu tana sheƙi, ba ta cewa komai. Baƙo sai ya buga waya, mu ce masa gida mai baƙin get, na uku daga masallaci, sau da yawa kuma ya ƙwanƙwasa na maƙwabta, don duk iri ɗaya ne. 'Yata ta zo da aikin makaranta, an ce ta zana dagi. Na karɓi fensirin da ƙarfin gwiwa, ni da yatsana ya bi ka shekara da shekaru, sai zaren ya rikice mini, na rasa inda yake hawa da inda yake nutsewa.

Na nemo jikan maginin da ya yi ka. Bulo yake ɗorawa yanzu, kwangilar shaguna. Ya ce makuba ta fi ƙarfinsa, amma yana iya tsaga dagi a jikin ɗanyen siminti da bakin wuƙa, yadda ya ga mahaifinsa yana yi. Akwai bangon tsakar gida da ba a sa wa tayil ba, na ce ya zo bayan salla. Ban san me zan ce ya sa a gurbin keken ba, don ban san abin da na yi wa gumi irin na Kaka ba. Allon dai zai koma sama. In an gama, ka yarda in gaya wa yarinyar nan cewa jikanka ne?

Naka, mai kewarka.