Mai Hoto a Cikin Gidansu

Ɗaukar hoton baƙo a kasuwa abu ne mai sauƙi, amma ɗaukar hoton mutanen gida sai an yi haƙuri. Wannan shi ne abin da wani malamin firamare a Illela, garin da ke kan iyakar Nijeriya da Nijar, ya gano bayan ya sayi kyamara don sha'awa kawai. Ranar Lahadi yakan shiga kasuwar Illela ya ɗauki dillalan shanu da raƙuma da masu albasa, kowa na gyara hula. Da zarar ya shigo gida kuwa, sai tsakar gida ta watse.

Kowa da dalilinsa. Mahaifinsa yana bin ra'ayin malaman da suka ce hoto sai da lalura, kamar na fasfon aikin Hajji ko katin zaɓe. Mahaifiyarsa kunya ce ta hana ta, domin shi ne ɗanta na fari. Matar da ba ta ambaton sunansa, ina za ta zauna ta zuba masa ido? Matarsa kuma tsoronta na zamani ne. A da, fim ɗaya hoto 36 yake ɗauka, a wanke, a adana a cikin akwati. Yau hoto yana shiga waya, ya bar gida ba tare da sallama ba, kuma matar aure ba ta san idon da zai kalle ta ba.

Malamin bai ɗauki waɗannan dalilai a matsayin ƙauyanci ba. Sai ya kafa wa kansa ƙa'ida: ba ya ɗaukar kowa a ɓoye, duk wanda ya ɗauka zai nuna masa, in bai yarda ba a goge a gabansa. Ya koma ɗaukar hannun mahaifiyarsa tana dama fura, da buzun sallar mahaifinsa, da inuwar yara a jikin katanga. Duk da haka abu ɗaya yana damunsa: kakansa ya rasu ba a san kamanninsa ba sai a baki, ga kakarsa kuma shekaru sun ja.

Ita wannan tsohuwa da wasa take korarsa. Takan ce, "Mi za ka yi da hoton tsohuwa, maigidana? Tafi ka ɗauki amaryarka." Abin da ya sauya ra'ayinta ba lallashi ba ne. A watan Agusta na 2019 gwamnatin Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba a buɗe ta Illela ba sai Disamba 2020. Ƙanwarta tana aure a Birnin Ƙonni, tafiyar da ba ta kai ta yini ba, amma zumunci ya yi wuya. Wata safiya da kanta ta kira jikan nata, ta ɗaura zanen da take ji da shi, ta zauna a kan tabarma, ta ce a aika wa 'yar'uwarta ta ga tana nan da rai.

Hoto ɗaya ta yarda a ɗauka, kuma ta gindaya sharaɗi: kada wani ya gani sai wadda aka yi dominta. Malamin ya cika alkawari. Har yanzu mahaifiyarsa ba ta zauna gaban kyamara ba, shi kuma bai sake roƙonta ba, domin ya fahimci cewa fuskar mutum amana ce, mai ita ne kaɗai yake da ikon bayar da ita.