Da Jakar Goyo Daga Iskandariya Zuwa Dutsen Sina'i

Karatu: Matiyu 2:13-15, 1 Sarakuna 19:1-9

Tun da na dawo daga Masar, tambayar da kuka fi yi mini bayan sujada ita ce nawa na kashe. Wasu sun ɗauka gwamnati ce ta ba ni kujera, wasu kuma sun soma tsokanata da "mai kuɗi". Ba ko ɗaya. Wurin aikina ne ya tura ni kwas na wata uku a Iskandariya, su suka biya jirgi. Da kwas ya ƙare, saura kwana tara kafin ranar dawowa, ga kuma ɗan abin da na tara daga kuɗin abinci. Da shi na yi tafiyar, da jakar goyo ɗaya mai ɗauke da riga uku, rigar sanyi, gorar ruwa da ƙaramin Littafi Mai Tsarki.

Hotunan kun riga kun gani. Abin da hoto ba ya nunawa shi ne yadda ƙarancin guzuri yake tilasta wa mutum ya bukaci mutane. Mai kuɗi yakan sayi mota, ɗaki da abinci tun kafin ya bar gida, ya shiga ƙasa ya fita bai roƙi kowa ko da ruwan sha ba. Wanda aljihunsa ba nauyi kuwa dole ya yi tambaya, ya jira, ya karɓa daga hannun da bai sani ba. A tafiyar nan na karɓa daga hannuwa iri biyu, har yau kuma ina ta juya abin a zuciyata.

Bari in yi sauri a kan lissafi, don na san akwai masu jira. Abincin talakan Masar yana da araha kuma yana riƙe ciki. Da safe ful, wato dafaffen wake da mai da lemon tsami, ko ta'amiya wadda ƙanwar ƙosai ce. Da rana koshari: shinkafa da taliya da ƙananan wake, da soyayyiyar albasa da miyar tumatir a kai. Burodinsu fai-fai ne, suna kiransa aish, kalmar da ma'anarta rayuwa ce. Kwana kuma a masaukin matafiya, gado shida a ɗaki ɗaya, kowa ya ɗaure jakarsa. Doguwar tafiya in yi ta da dare, kujerar bas ta zama gado, kuɗin ɗaki ya tsira.

Iskandariya birni ne da bai kamata Kirista ya ratsa shi ido rufe ba. Kiristocin Masar, waɗanda ake kira Kibɗawa, sun riƙe cewa Markus mai bishara ne ya kafa ikilisiyarsu a can. A can ne kuma Bishop Atanasiyus ya rubuta wasiƙar Ista ta shekarar 367, inda ya jera littattafai 27 na Sabon Alkawari daidai yadda suke a hannunmu yau. A ƙasar Afirka aka yi wannan, ƙarnuka da yawa kafin wani mishan ya tako ƙasarmu. In wani ya ce maka bangaskiyarka kayan Turawa ce, ka tuna masa da wannan.

Daga can na shiga ƙaramar bas irin ta tashoshinmu, wadda sai ta cika take tashi, zuwa Alkahira. Jirgin ƙarƙashin ƙasa yakan sauke mutum a tashar Mar Girgis, a bakin tsohuwar unguwar Kibɗawa, shiga majami'un kuma kyauta ne. Akwai wadda ake kira Majami'a Mai Rataye domin an gina ta a kan ƙofar tsohuwar ganuwar Romawa. Akwai Abu Serga, wadda a ƙarƙashinta akwai ɗan kogo da al'adar Kibɗawa ta ce Yusufu da Maryamu da jaririn sun fake a ciki sa'ad da suka gudu daga Hirudus. Matiyu bai faɗi inda suka sauka ba. Amma da na leƙa ramin nan mai ƙunci sai na tuna cewa Ubangijinmu ya taɓa zama ɗan gudun hijira, kuma wani Bamasare da ba a rubuta sunansa ba ya buɗe wa iyayensa ƙofa.

Wurin da ya fi taɓa ni shi ne Mukattam. A gefen wannan dutse akwai majami'ar Saminu Majemi, wadda aka sassaƙa cikin kogo, tana ɗaukar dubban masu sujada. Hanyar zuwa can ta ratsa Manshiyat Nasir, unguwar masu kwashe shara, mafi yawansu Kiristoci ne da kakanninsu suka yi ƙaura daga kudancin Masar. Su ke tattara sharar birnin gida-gida, su kawo ta ƙofar ɗakunansu, mata da yara su ware roba daban, ƙarfe daban, takarda daban. A 2009 gwamnati ta sa aka yanka aladunsu saboda tsoron murar aladu, alhali da su suke cinye ragowar abinci, da su kuma iyalai da yawa suke rufa wa kansu asiri. Masu yawon buɗe ido sukan wuce unguwar a mota, gilashi a rufe saboda wari. Ni kuɗin tasi ya fi ƙarfina, don haka da ƙafa na hau.

Rabin hanya ruwana ya ƙare, lungunan kuma suka rikice mini. Wata tsohuwa tana zaune a kan buhu tana ware kwalabe. Na gaishe ta da guntun Larabcina, na ce, "Mama, ina hanyar majami'a?" Ta dube ni sama da ƙasa, ta juya hannunta ta nuna mini ɗan gicciyen da aka zana a wuyan hannunta na dama, irin wanda Kibɗawa da yawa suke yi tun suna yara. Ta nuna nawa hannun. Ba komai a kai. Na ciro Littafina na buɗe mata. Ba ta iya karanta boko ba, amma da na furta "Almasihu" da "Linjila" sai fuskarta ta sake. Ta ce, "Zauna, ɗana." Ta aika jikanta ya kawo shayi da burodi, sa'an nan yaron ya raka ni har ƙofar majami'a.

Mu da muke sujada da Hausa mun san tambayar nan mai gajiyarwa: kai Bahaushe ne kuma Kirista? A Mukattam na ji dubban bakuna suna kiran Allah da sunan da muke kiransa, cikin Larabci, ba wanda yake ba kowa haƙuri a kan haka. Ikilisiya ce da take ƙirga shekarunta daga 284, shekarar da Sarki Diyokletiyan mai tsananta wa masu bi ya hau mulki, suna kiran lissafin kalandar shahidai. A Disamba 2016 bam ya tashi a majami'ar Butrusiya a tsakiyar Alkahira ana cikin sujadar Lahadi, mafi yawan waɗanda suka mutu mata ne. Sun san abin da muka sani. Shayin tsohuwar nan bai yi mini wuyar karɓa ba, domin hannun 'yar'uwa ne.

Hannu na biyu shi ne ya sa na rubuta wannan.

Bas ɗin dare ta bi ramin da ya ratsa ƙarƙashin mashigin Suwez, ta shiga Sina'i, shingen jami'an tsaro bayan shinge, fasfo a hannu. Gari ya waye mana a Dahab, a bakin teku. Daga can muka haɗa kuɗi mu huɗu, duk baƙin juna, muka ɗauki mota zuwa garin Santa Katarina. Hamadar Sina'i ta kudu ba rairayi ba ce shimfiɗe kamar yadda muke zana ta a makarantar Lahadi. Duwatsu ne jajaye da baƙaƙe, tsirara, da kwaruruka busassu, sai ƙaya jefi-jefi. Wanda ya gan ta zai rage yi wa Isra'ilawa dariya don sun yi gunaguni suna tuna tukwanen naman Masar. Sa'a biyu kawai na yi a cikinta a mota, idona bai bar gorar ruwana ba.

A gindin dutsen akwai gidan sufaye da aka gina a zamanin Sarki Jastiniyan, tsakanin 548 da 565, har yau kuma ba a daina addu'a a cikinsa ba. Daga ɗakin karatunsa ne aka sami Kodes Sinaitikus, kwafin Littafi Mai Tsarki na Helenanci na ƙarni na 4, wanda mafi yawan shafukansa suke Landan yanzu. Cikin ganuwar, kusa da majami'a, akwai ƙaramin masallaci tun zamanin Faɗimawa. Masu yi wa sufayen aiki da tsaro tun da daɗewa su ne Jabaliya, Larabawan hamada, Musulmi. Doka ce kuma ba a hawa dutsen sai da ɗan rakiya daga cikinsu.

Na girma a garin da ya ga rikici. Na san daren da iyaye suke kwana a zaune, na san unguwannin da ba ma bi bayan magariba. Taka-tsantsan ɗin nan ba daga iska na ɗauko shi ba, yawancinku ma kuna da irinsa. To ga ni ƙarfe ɗaya na dare, a ƙasar da ba ni da kowa, ina bin bayan wani dattijo Musulmi cikin duhu a gefen rami, ba abin da nake gani sai ƙafafunsa a hasken tocila. Inda ya taka nan nake takawa.

Tsayin dutsen mita 2,285 ne. Hanyar raƙuma takan ci kusan sa'a uku, masu kuɗi su hau raƙumi, amma raƙumi yana tsayawa inda matakala 750 na ƙarshe suka fara. Daga nan kowa da ƙafarsa. A hanya akwai rumfunan shayi, a sama kuma ana hayar bargo, domin sanyin wurin ya fi na Jos a tsakiyar hunturu. Kuɗina a ƙirge yake daidai da motar komawa Alkahira, don haka duk rumfar da muka tsaya sai in zauna a waje in ce ina kallon taurari. Dattijon bai ce komai ba. Da asuba ya koma gefe ya yi sallarsa, ni kuma na buɗe Fitowa 19 a hasken waya. A ƙwanƙolin akwai ɗan ɗakin sujada da ɗan masallaci dab da juna. Masana ba su yarda baki ɗaya cewa wannan ne dutsen Musa ba, amma Kiristoci sun fi shekara 1,500 suna hawansa da wannan niyya.

Da saukowa muka bi Matakalan Tuba, waɗanda aka ce wani sufi ne ya jera su, jimlarsu har sama 3,750. Ƙasa da ƙwanƙolin kaɗan akwai wani fili a tsakanin duwatsu, da tsohon itace, da ɗakin sujada da aka sa wa sunan Iliya. Nan dattijon ya ce mu huta. Ya hura wuta da 'yan ƙirare, ya kwaɓa gari da ruwa da gishiri, ya binne shi cikin garwashi da toka. Da ya nuna ya kakkaɓe shi a kan dutse, ya gutsura babban rabo ya miƙo mini tare da shayi. Na kai hannu aljihu. Ya riƙe mini hannu ya ce, "Ci, ɗana. Tun dare nake ganinka." Na ce, "Na gode, Baba."

Ku sake duba karatunmu. Iliya ya gudu daga Yezebel, ya gaji da rai har ya roƙi mutuwa, ya kwanta a ƙarƙashin itace a jeji. Kafin Allah ya yi masa wata doguwar magana, sai da aka tashe shi aka ba shi gurasar da aka gasa a kan wuta da tulun ruwa, har sau biyu, da ƙarfin abincin ya kai Horeb. Can baya ma hankaki ne suka ciyar da shi, tsuntsun da Shari'a ta ƙidaya marar tsarki, sa'an nan gwauruwar Zarefat wadda ba Ba'isra'iliya ba ce. Annabin bai taɓa zaɓar hannun da zai ciyar da shi ba. Ina zaune a wurin da ake kira da sunansa, toka a yatsuna, ina cin irin abincin da ya ci, daga hannun mutumin da a gida watakila da ba zan taka unguwarsu da dare ba.

Burodi ɗaya bai share abin da ya faru a garuruwanmu ba, bai kuma sauya abin da na gaskata game da Yesu ba. Dattijon ma bai nemi in sauya ba. Amma da a ce ina da kuɗin shayi a kowace rumfa, da mun rabu a matsayin mai haya da wanda aka yi hayarsa, ba abin da ya shiga tsakaninmu sai takardar kuɗi. Rashin ne ya buɗe ƙofar, kuma Allah ya san wanda ya sa a bakinta.

Mun iso ƙasa daidai lokacin da ake buɗe gidan sufayen, domin 'yan sa'o'i kaɗan da safe ake barin baƙi su shiga. Dattijon ya juya zai koma gida ya yi barci, da dare wani ayarin yana jiransa. Ina roƙonku, a taron addu'armu na wannan mako, ku sa tsohuwar Mukattam da jikanta, ku sa shi ma. Gwiwoyinsa suna damunsa, kuma da hawan dutsen nan yake ciyar da gidansa.