Gida a Tsibiri Ko Gida a Agege?

Yau ina so mu taɓa wata magana da ta hana gidanmu sakat tun bayan babbar sallah, wato maganar sayen gida a Tsibiri.

Ni a Agege aka haife ni, a nan na gama sakandare. Baba ya fi shekara 30 yana sayar da shadda a kasuwar Balogun. Ya gina gida a Kano wanda ba ma kwana cikinsa sai da sallah, amma a Legas har yau haya muke biya. Yanzu ya sayar da gonarsa ta gado, sai Yaya ya nace a haɗa kuɗin da jarin shago, a ci bashi a cika, a sayi fulat a Ikoyi ko Victoria Island, don a san mu ma mun iso.

Ban ga laifin Yaya ba. Duk wanda ya taɓa fita da asuba ya maƙale a gosilo kan gadar Third Mainland, mai tsawon kusan kilomita 12, ya san daɗin kwana kusa da kasuwa. Ni kaina na yi shekara biyu a wani ɗaki a Obalende, a bakin Ikoyi, kuma wallahi na huta.

To amma a can ne na ga abin da dillali ba ya faɗa. Yawancin sababbin benayen da dala ake yi musu kuɗi, mu kuwa da naira muke ciniki. Bayan ka saya, duk shekara sai ka biya kuɗin man janareta da na masu gadi da na ruwa. Ga ambaliya, irin wadda ta shanye titunan Victoria Island da Lekki a Yulin 2017. Ko dokar haya ta 2011, da ta hana karɓar kuɗin fiye da shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, ta tsame Ikoyi da Victoria Island daga cikinta.

Sai babbar magana, takarda. Tun dokar filaye ta 1978 ƙasa tana hannun gwamna, takardar mallaka da ake kira C of O yawanci ta shekara 99 ce, kuma ciniki bai cika ba sai da amincewar gwamna. Manyanmu ba su manta Maroko ba. A Yulin 1990 gwamnatin soja ta Raji Rasaki ta rushe unguwar, aka kori mutane kimanin 300,000, yau wurin ya zama unguwar masu hannu da shuni.

Shi kuwa Baba tsoronsa daban ne. Tun rikicin Idi-Araba na Fabrairun 2002 yake cewa, abin da ba za ka iya ɗauka ka gudu da shi ba, kada ka saya a Kurmi. Na fahimce shi, amma mu a nan aka yanke mana cibiya, muna jin Yarbanci, a nan muke fatan 'ya'yanmu su yi karatu. Har yaushe za mu zauna kamar baƙin kwana uku?

Shawarar da na ba su ita ce a sayi gida a Legas, amma a Agege, kusa da masallacinmu da mutanenmu, a tura lauya ofishin filaye na Alausa ya duba takardu kafin a ba da ko sisi, kuma kada a taɓa jarin shago. Tun 2024 ma jirgin ƙasa na Red Line ya fara ɗaukar mutane daga Agege zuwa Oyingbo, daga nan Balogun tsallaka gada ce kawai. Iya ruwa dai fid da kai.

Baba bai yanke hukunci ba tukuna, Yaya kuma ya rage yi mini magana. Ku taya mu da addu'a. Allah Ya zaɓa mana abin da ya fi alheri, amin.