Aron Waƙa Ba Sata Ba Ne, Ɓoye Mai Ita Ne Sata

A 'yan shekarun nan, waƙoƙi uku ne suka fi zama mini a rai daga cikin abin da mawaƙan zamani suka fitar, kuma su ne na fi jin ana sakawa a shagunan teloli da gidajen biki a nan Gombe, tun daga Jekadafari har Pantami. Akwai Jaruma ta Hamisu Breaker, wadda ta game ƙasa a shekarar 2020 lokacin da annobar korona ta tsare mutane a gida. Akwai Kujerar Tsakar Gida ta Ado Gwanja. Ta ukun kuwa, wadda ta girme su, ita ce Shahara ta Aminu Ala.

Abin da ya haɗa mini su shi ne, ko wacce na saurara sai na ji ƙamshin wata tsohuwar tukunya. A kunnena, Gwanja daga rijiyar amada yake ɗiban ruwa, watau kiɗan ƙwarya na matan tsakar gida wanda marigayiya Barmani Choge ta Funtuwa ta raya har rasuwarta a 2013. Ala ya taso ne a kan turbar rubutacciyar waƙa, mai awo da amsa-amo, irin ta su Aƙilu Aliyu. Waƙoƙin soyayya irin na Breaker kuwa jikokin waƙoƙin finafinan Kano ne, waɗanda su kansu suka sha nonon finafinan Indiya.

To, jama'a, wannan aibi ne? Abokaina da muke hira da su suna cewa mawaƙan yanzu ba su da komai sai kwashe-kwashe. Ni dai ban yarda ba, domin ban san zamanin da mawaƙin Hausa ya yi waƙa ba tare da ya jingina da wani ba. Alhaji Musa Ɗanƙwairo a gaban mahaifinsa Usman Ɗankwanda ya koyi kiɗa, sa'an nan ya yi wa wansa Abdu Kurna amshi kafin ya tsaya da ƙafarsa. Ibrahim Narambaɗa yana da Bakandamiya, Alhaji Mamman Shata ma yana da tasa, kuma ba wanda ya taɓa cewa Shata ya rage daraja don sun yi tarayya a suna. Masu begen Annabi na bandiri a Kano sun ɗauki karin waƙoƙin Indiya sun ɗora yabo a kai, jama'a kuma suka karɓa.

Bugu da ƙari, malamanmu na da sun mai da aro ya zama fanni mai ƙa'ida, shi ne tahamisi. Mutum zai ɗauki baitin wani mai ɗango biyu, ya ƙara masa uku, su zama biyar. Ishiriniyar da ake karantawa a zaurukan garin nan cikin watan Mauludi ta Alfazazi ce, tahamisinta kuwa na Ibnu Muhibu. Tabbat Haƙiƙa Shehu Usmanu ya yi ta da Fulatanci, 'yarsa Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, ɗansa Isa ya yi mata tahamisi. Hannu uku a waƙa ɗaya, amma har yau mun san rabon kowa, domin ba wanda ya shafe sunan ɗan'uwansa.

Nan ne gizo ke saƙa. A da, idan ka sayi faifan garmaho ko kaset, sunan mai waƙa na jikinsa. Yanzu kuwa sai yaro ya je wurin masu tura waƙa a bakin kasuwa, a cika masa waya da waƙoƙi ɗari, wasu ko suna babu. Na taɓa jin wani saurayi cikin Keke Napep a hanyar Tashar Dukku yana rantsuwa cewa wani kari da ke tashi a wayarsa sabo ne fil, alhali na san shi a bakin Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa tun ina yaro. Yaron ba shi da laifi. Wanda ya ari karin bai gaya masa inda ya samo ba. Ta haka sunan magabaci ke ɓacewa, iyalinsa kuma ba su ga ko kwabo ba.

Ƙasar nan tana da sabuwar dokar haƙƙin mallaka, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a 2023. Amma kafin a kai ga kotu, akwai kunya da sanin ya kamata. Mawaƙin da zai iya jera sunayen attajirai goma a waƙa ɗaya ba zai gaza ambaton wanda ya gina masa karin ba. Haka kuma ma'aikatan gidajen rediyonmu na Gombe za su kyauta idan suka sa sabuwar waƙa su biyo ta da tsohuwar da ta haife ta, su faɗi sunan kowa.

Hausawa sun ce kayan aro ba ya ado. Ni a ganina a fagen waƙa yana yi, muddin wanda ya ara ya ƙara nasa a kai, ya kuma faɗi mai shi. Allah ya jiƙan magabata, ya sa na baya su riƙe amana.