Man Shanun Kwalba

Ranar Asabar muka bar Toranke da kuɗin riɗinmu, muka faɗa wani katafaren kanti a birnin Kano. Ba za mu ɗauki alhakin burodinsu ba: laushi kamar auduga, yara har kokawa suka yi a kansa. Inabin ma ya yi zaƙi.

Inna kuwa man shanu muka ɗauko mata, a kwalba mai tambari, kuɗinsa ninkin na kasuwar Gaya. Ta zuba a miyar kuka, ta shinshina, ta ce, "Wannan saniyar ba ta taɓa cin ciyawa ba."

Washegari muka tare 'yar Fulanin da muka saba yi wa tayin wulaƙanci, muka biya yadda ta faɗa.